A Wace Ƙofa Uwar Yaro Mai Otizim Za Ta Kai Kokenta?

Tun daga ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1993, sa'ad da gwamnatin riƙon ƙwaryar da Babban Taron Ƙasa ya kafa ta fitar da doka mai lamba 93-012 domin kare haƙƙin naƙasassu, kusan kowane mulki da aka yi a Nijar, na farar hula ko na soja, ya bar tasa takardar a kan wannan batu. A zamanin Janar Ibrahim Bare Mainasara aka yi dokar ranar 1 ga Yuni 1998 mai tsara harkar ilimi, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin karatun yara daga shekara 4 zuwa 18, ta kuma ba ilimin naƙasassu, na jiki da na ƙwaƙwalwa, matsayi nasa. A zamanin Tanja Mamadu, cikin watan Yuni na 2008, ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya wajabta a karantar da su tare da sauran yara a garuruwan da suke zaune, a kuma ba kowane ɗaya taimakon da ya dace da halinsa. A 2010 gwamnatin soja ta Salu Jibo ta yi wa dokar 1993 gyara. A ranar 10 ga Disamba 2019 kuma, lokacin mulkin Isufu Mahamadu, wanda shi kansa ɗan Adar ne, aka fitar da doka mai lamba 2019-62.

Takardu dai sun wadata. Abin tambaya a nan shi ne: idan wata uwa a Barmu, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita a arewacin birnin Tawa, tana da ɗa mai shekara 7 wanda ba ya amsa kira, ba ya haɗa ido da mutane, yana toshe kunnuwansa idan hayaniya ta tashi, kuma tana son a karɓe shi a lakkol a taimaka masa, wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa? Wace takarda za ta cika? Wa zai karɓa, kuma cikin kwana nawa zai ba ta amsa? Duk wanda ya zagaya kasuwa ko ofisoshi da waɗannan tambayoyi zai ga yadda masu amsa su suke da wuyar samu. Ko da dokokin sun tanadi kwamitoci da hukumomi, ƙofar da talaka bai san inda take ba daidai take da bango.

Larurar da ba a gani da ido

Ya kamata a fara da bayyana abin da ake magana a kai, domin kuwa rashin sani ya fi dare duhu. Larurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu kafofin labarai na Hausa ke fassarawa da galahanga, wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma alamunta sukan bayyana kafin ya cika shekara 3. Wani yaron yakan yi jinkirin magana, wani yakan riƙa maimaita abin da aka faɗa masa, wani kuma bakinsa garau amma ba ya gane wasa ko zaurance. Da yawa daga cikinsu sukan shaƙu da tsari guda, ta yadda idan aka sauya musu wurin zama ko hanyar da suka saba bi sai hankalinsu ya tashi ƙwarai. Ƙara, haske mai ƙarfi ko taɓawa sukan yi musu zafin da sauran mutane ba su ji. Wasu suna da raunin fahimta tare da larurar, wasu kuwa kaifin basirarsu a lissafi ko hadda yakan ba malami mamaki. Farfaɗiya ma ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara.

Likita Leo Kanner ne ya fara siffanta larurar a rubuce a Amurka a 1943, bayan ya bi diddigin yara 11. Tun daga lokacin bincike ya tabbatar da cewa gado yana da babban rabo a cikinta, kuma ba laifin tarbiyyar uwa ne ke kawo ta ba. Jita-jitar da ke alaƙanta ta da allurar rigakafi ta samo asali daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010 bayan an gano an yi maguɗi a cikinsa. Babu gwajin jini da ke nuna otizim, lura da halin yaro ne ke nuna ta. Babu kuma ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da aka tabbatar yana amfani shi ne koyarwa mai tsari da aka fara da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da yawansu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da otizim. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu sama da mutum miliyan 3 a jihar Tawa, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Ɗan kasuwar da ya iya lissafi zai gane cewa, a kan wannan ma'auni, ana maganar yara wajen dubu 15 a jiha guda. Lakkol mai ɗalibai 300 ya kamata a ce tana da biyu ko uku. Idan darekta ya ce shi ba shi da ko ɗaya, to, ko dai suna zaune a bayan aji ana kiransu dolaye, ko kuwa suna gida a ɗaure da zanen uwa.

Hanyar da ake bi a yau

Abin da ya fi faruwa sananne ne ga duk wanda ya zauna a karkara. A watan Oktoba ana kai yaro ajin CI. Kwana biyu ko uku yana kuka, yana fita daga aji ba izini, ko ya cije wani yaro da ya matsa masa. Malamin, wanda sau da yawa ɗan kwantaragi ne da ke fama da yara masu yawa a cikin runfar kara, sai ya kai ƙara wurin darekta. Darekta ya kira iyaye ya ce a mayar da yaron gida sai ya ƙara wayo, ko kuwa a kawo takardar likita. Ba a rubuta kome ba, ba a sa hannu a kan kome ba. Da baki aka karɓe shi, da baki aka sallame shi, kuma babu wani rajista a ofishin sufeto da zai nuna an taɓa yin wannan yaro.

Neman takardar likita kuwa tafiya ce mai nisa. Daga gidan likita na ƙauye a tura su babban asibitin jiha a Tawa, daga can kuma, idan ana son ganin ƙwararre kan ƙwaƙwalwar yara, galibi sai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500. Sai an sayar da akuya ko buhun hatsi kafin a haɗa kuɗin mota, na masauki da na abinci. Kowa ya san Adar ƙasar ƴan bida ce. Bayan girbi maza sukan nufi Abijan, Najeriya, Libiya ko Aljeriya, su bar mata da tsofaffi da nauyin gida. Matar da ba ta yi lakkol ba, ba ta jin Faransanci, mijinta kuma yana wata ƙasa, ita ce ake sa ran za ta ɗauki yaron da ba ya jure ƙarar mota ta kai shi babban birni. Ba abin mamaki ba ne idan ta juya ga masu cewa iska ce ta taɓa shi. Addu'a ba ta hana karatu, amma ƴan damfarar da ke karɓar dukiyar bayin Allah da alkawarin waraka cikin kwana bakwai, gibin da hukuma ta bari ne suke cikawa.

Idan ma takardar ta samu, ba a nan wahalar ke ƙarewa ba, domin tsarin ilimin naƙasassu na ƙasar an gina shi ne a kan makafi da kurame. Akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman da ta kurame ta Hasan Bana Ba a Yamai, akwai makarantun kurame a Maraɗi da Damagaram, an kuma buɗe azuzuwan makafi a cikin wasu makarantun gwamnati, har da na Tawa da Birnin Ƙonni. Wannan aiki ne abin yabo, kuma ƙungiyoyin naƙasassu sun sha gwagwarmaya kafin a same shi. To, amma yaron da idonsa lafiya, kunnensa lafiya, ƙafarsa lafiya, larurarsa ba ta da sanda ko keken da za ta nuna, shi ne aka bari a baya. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya duba rahoton Nijar a Janeba a 2019 ya nuna damuwa game da ƙarancin damar karatu ga yara naƙasassu. Ƙidayar 2012 ma kimanin kashi 4 cikin 100 na jama'a kaɗai ta lissafa a matsayin naƙasassu, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya kai kashi 16 a faɗin duniya. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin lakkol daga gare ta, dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta kafa ofishi guda a kowace gunduma inda iyaye ke kai dosiyensu, a tsara wa yaro shirin karatu na kansa, wani lokaci har a ba shi mai rakiya a cikin aji. A Ingila dokar 2014 ta ba ƙaramar hukuma mako 6 ta faɗa ko za ta binciki buƙatar yaron, da mako 20 ta kammala takardar taimakonsa, kuma iyaye suna iya ɗaukaka ƙara. A Amurka tun 1975 doka ta tilasta wa makarantun gwamnati rubuta shiri na musamman ga kowane yaro naƙasasshe, aka kuma ambaci otizim da sunanta a gyaran 1990.

Su ma waɗannan ƙasashe iyayensu suna kukan jinkiri da ƙarancin ma'aikata, kuma babu mai hankalin da zai ce Nijar ta kwafi tsarinsu mai tsada. Darasin da ke ciki abu uku ne da ba su buƙatar arzikin Turai: ƙofa sananniya, takarda rubutacciya, da wa'adin amsa.

Takarda guda, ƙofa guda, wa'adi guda

Abin da ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta yi, ta hanyar umarni guda zuwa ga sufetoci, shi ne ta mayar da ofishin daraktan kowace lakkol ya zama wurin karɓar buƙatar taimako. Takardar ta kasance shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, da Tamashek ko Fulatanci inda ake buƙata. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, babu hujjar da ta rage ta miƙa wa uwa a Barmu takardar da sai ta nemi tafinta. A yarda uwa, kaka, kawu ko duk mai riƙon yaro ya gabatar da buƙatar, ko da baki ne, darekta ya rubuta, ya karanta masa, ya ba shi rasit mai kwanan wata da hatimi. Rashin takardar haihuwa kada ya zama dalilin ƙi.

Na biyu, kada a jingina fara taimako da takardar likita. Malamin da ya lura da yaro na wata guda, tare da bayanin uwa da na ma'aikacin gidan likita na garin, ya isa a fara. Binciken ƙwararre ya biyo baya idan hali ya yi, musamman ga yaron da ke farfaɗiya ko wanda ake zaton matsalar ji ce ke damunsa. Na uku, a sa wa'adi: cikin kwana 30 a zauna da darekta, malamin aji, iyaye da mai ba malamai shawara na yankin, a rubuta abin da za a yi wa yaron, a kuma sake dubawa a ƙarshen kowane zangon karatu. Na huɗu, duk daraktan da ya ga ba zai iya riƙe yaro ba, ya rubuta dalilinsa ya aika wa sufeto, shi kuma sufeto ya nema wa yaron mafita. Sallama da baki ta zama laifin aiki.

Mene ne za a rubuta a cikin shirin? Abubuwa ne da mafi yawansu ba su cin ko dala. A ba yaron wurin zama guda da ba ya sauyawa, kusa da malami, nesa da ƙofa. A zana masa jerin ayyukan yini da hotuna a kan allo ko kwali, domin ya san abin da ke tafe. A yi masa magana a gajarce, umarni ɗaya bayan ɗaya. A sanar da shi kafin a sauya aiki. A ware masa inuwa ko kusurwar da zai je ya huce idan hayaniya ta yi masa yawa. A bar shi ya fara da awa biyu a yini, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. A haɗa shi da ɗalibi mai haƙuri da zai zama abokin zamansa. A ƙara masa lokaci a jarrabawa. A daina dukansa, domin bulala ba ta koya wa mai otizim kome sai tsoron lakkol.

Tawa tana da abin farawa

Za a ce babu kuɗi, ƙasa tana fama da matsalar tsaro, malamai ba su isa ba, azuzuwan kara ma ba a gama maye gurbinsu ba. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa zalunci ne a jibga wa malamin da ba a horar ba wannan nauyi, a juya masa baya. Akwai ma yaran da larurarsu ta yi tsananin da ajin gama-gari ba zai wadatar da su ba, waɗanda ke buƙatar ƙaramin aji na musamman a cikin lakkol, kamar yadda aka yi wa makafi. Amma jihar Tawa ba za ta ce ba ta da abin farawa ba.

A cikin birnin Tawa akwai makarantar horon malamai ta Kawsen, akwai kuma Jami'ar Jibo Hamani mai tsangayar nazarin ilimi. Idan kowane malamin da zai fita daga Kawsen ya samu darasi a kan gane otizim da tafiyar da mai ita, idan kuma ɗaliban jami'ar suka riƙa yin aikin gwajinsu a Barmu, Kalfu, Afala da Takanamat maimakon su tsaya a cikin birni, cikin ƴan shekaru kowace ƙaramar hukuma za ta samu wanda za a tuntuɓa. Tarurrukan ƙara wa juna sani da malamai ke yi a yankunansu ma fage ne da ke nan a shirye.

Bugu da ƙari, a jihar Tawa ne aka fara, a 2004, shirin nan na tallafa wa kwamitocin kula da makarantu da haɗin gwiwar hukumar JICA ta Japan, wanda ya koya wa iyaye zaɓen wakilansu ta ƙuri'ar asiri da tsara ayyukan shekara a gaban taron gari, kafin a yaɗa shi ko'ina cikin ƙasa a 2007. Kwamitocin da suka iya gina runfuna, suka iya bi gida gida suna rubuta sunayen ƴan mata, za su iya tambayar mai gari da ungozoma ko akwai yaron da aka ɓoye. Ƙungiyoyin uwaye na makarantu za su iya samar da mace guda da za ta zauna kusa da yaron a makonnin farko, a ba ta ɗan alheri. Tun 2016 kuma aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ikon tafiyar da ilimin firamare. Ko zaɓaɓɓen magajin gari ne ke kan kujera, ko wakilin da aka naɗa bayan rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, harajin kasuwa ana karɓarsa, kuma ware wani abu daga ciki domin kuɗin motar yaran da aka tura asibitin Tawa bai fi ƙarfin kasafi ba.

Nauyin da ke kan kowa

Ma'aikatan gwamnati su ne suka san inda takarda ke kwana da inda take tashi. Sufeton da ya buɗe rajista guda a ofishinsa, ya umarci daraktocinsa su rubuta duk buƙatar da aka kawo, ba ya jiran izinin kowa, kuma a ƙarshen shekara zai riƙe alƙaluman da zai kai gaban ministansa. Ƴan kasuwar Adar kuwa, na gida da na Abijan, an san su da gina masallatai da azuzuwa a garuruwansu. Ɗaukar nauyin horon malami guda, ko alherin mai rakiya na shekara guda, bai kai kuɗin rufin aji ɗaya ba. Limamai da sarakuna su ma suna da bakin da za su ce wa jama'a haihuwar irin wannan yaro ba abin kunya ba ne, kuma ɗaure shi da igiya a ɗaki zalunci ne.

Kowace shekara ana bikin ranar naƙasassu ta ƙasa a 31 ga Yuli, ana kuma tunawa da ranar otizim ta duniya a 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007. Ana jawabai, ana raba buhunan shinkafa, ana ɗaukar hoto, a watse. Alkawari kuwa kaya ne, kuma Nijar ta ɗauke shi tun 1993. Ma'aunin da za a gane an sauke shi mai sauƙi ne: ranar da matar da ba ta iya karatu ba za ta shiga ofishin darekta a Barmu, ta faɗi halin ɗanta da harshenta, ta fito da rasit a hannu da ranar da za a ba ta amsa. Kafin komawa lakkol ta gaba, mahukuntan ilimi na jihar Tawa suna da isasshen lokacin buga wannan shafi guda.